Ƙayar da Agali Ya Kwantar

Shekarar da na hau Abzin ita ce shekarar da ruwa ya ka da katangar gidan kawuna a Birnin Damagaram, damina guda bayan fari sun cinye geron Damargu, kafin a yi ƙuri'ar nan ta i ko a'a. Mulki yana hannun nasara. Arlit ɗin da kuke gani yau da fitilu da kasuwa, a lokacin ko bukka babu, fili ne da duwatsu, sai rijiyoyin Buzaye can nesa da juna. Duk macen Hausa da ta ce ta riga ni taka ƙasar nan, ku ce ta zo ta faɗa a gabana.

Maigidana ne ya riga ni tafiya. Ba na kama sunansa, ku kira shi Mai-inji yadda kowa ke kiransa, don shi ke kula da injin wuta na wasu nasaru masu neman dutse. Ya aiko saƙon baka cewa ma'aikatan zango sun gaji da ɗanyen tuwon maza, in zo in riƙa dafa musu. Na ɗaure tukunya da muciya da daddawa da kuka, na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya.

A Tanut na fara koyon hanya. Wata mata mai yawan fara'a ta tambayi unguwarmu, na faɗa, ta ce ai nan kakarta take. Ta sayar mini da salka, ta rantse ba ta taɓa ɗiga ba. Kafin mu kai Adarbisanat zanena ya jiƙe sharkaf, salka ta yi lakwas. Ashe hudar da ke gindinta da ƙaro aka liƙe, ruwa ya narkar da shi. Da ragowar ruwan wani tsoho mai cin goro na isa Agadas. Daga ranar na yi wa kaina doka: duk wanda ya yi mini dariya a hanya, hannunsa zan duba, ba haƙoransa ba.

A Agadas na yi zaman jiran motar arewa har na fara sanin karnukan unguwa. Hausarsu daban, furarsu da cuku da dabino, daɗi gare ta amma ba ta kwantar mini da kewar gida ba. In an kira sallar magariba sai in ji kamar muryar innata za ta fito daga bayan katanga tana cewa in rufe kaji. Shofer ɗin da zai kai ni, wato direban, kullum gobe ake tashi, kullum kuma yana zaune bakin tukunyata da tsakar rana, yana yabon miyar Damagaram. Sai da na lura cewa miyar ce ta kashe motar. Na kife tukunya, na ce daddawa ta ƙare. Washegari mota ta warke.

Daga nan babu hanya, sai sawun taya a kan tsakuwa. Muka bar rijiyar Dannat a baya, duwatsun Abzin suna hannun dama, baƙaƙe kamar gindin tukunya. Girgizar motar nan ta kwance mini kitso, ta fasa mini ludayi. Da muka sauka a zango, wajejen Gugaram, ƙasa ta ci gaba da rawa a ƙafafuna har washegari.

Zangon tantuna ne da tano-tano, wato gangunan ruwa, da injin maigidana yana ta ruri. Nasaru suna fita da wani akwati da ke kuka kamar gyare in an kusantar da shi ga irin dutsen da suke nema. Babbansu mun sa masa Jan-gemu. Shi ke riƙe da radiyo, kuma radiyon nan ita ce ranmu, don da ita ake kiran kamiyon ruwa daga Agadas, da ita ake sanar da cewa muna raye. Akwai tafinta, Mudi, tsohon soja, mutumin Tawa, wanda in nasara ya faɗi magana mai tsawon zira'i sai ya juya mana ita mai tsawon taƙi, ragowar kuwa Allah ne ya san inda yake kai ta. Ban taɓa yarda da shi ba.

Bayan zango, ƙarƙashin wata ƙaya, wani maƙerin Buzaye ya kafa bukka, sunansa Agali. Yana yi wa nasaru turakun tanti, yana liƙe butoci, in ya samu sarari ya koma kan azurfarsa. Matarsa Lalla dukanci take yi. Ranar da na iso ta ga salkata a rataye, ta ɗauke ta ba ta ce mini komai ba. Na ce a raina, to, ga ta biyu. Da la'asar sai ga ta da salka, ta yi mata ɗinkin da har na bar zangon bai zubar da ɗigo ba. Na miƙa mata barkono, ta ƙi. Ta ba ni cuku. Na karɓa, amma ban ci ba sai da na ga ta gutsura ta ci. Ta gane, ta yi dariya, ta ce da ni a gurguwar Hausarta mutanen kudu akwai tsoro.

Haka muka zauna har zafi ya shigo, sannan radiyo ta fara ciwo.

Bari in kwatanta muku abin yadda na gan shi da idona. Wayar da ke kawo wuta daga inji tana ƙarewa da wani baƙin abu mai kama da ƙaho, girman dunƙulen hannun jariri, da ramuka a fuskarsa. Shi ake kira gida. Cikin kowane rami akwai ɗan bututun tagulla wanda bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba, waya tana liƙe a wutsiyarsa. Ita kuma radiyo tana da haƙora a bayanta. In an tura gidan, kowane haƙori ya shiga bakin bututunsa, wuta ta wuce. To sai ya zama in an tura, haƙoran su kora bututun baya, su fice ta ƙeya kamar ɓera ya ji motsi. Jan-gemu ya mai da su, ya tura, radiyo ta ce uffan ta mutu. Ya cusa takarda, ya ɗaure da zare, rurin inji ya sake girgiza su waje. Ɗaya ma ya tsinke daga wayarsa ya ɓace cikin rairayi.

Ku tuna lokacin. Ana yaƙi da nasara a arewa, bayan sahara, kuma duk wani nasara da ke daji yana kwana da ido ɗaya. Jan-gemu ya ce abin da ya yi shekaru bai motsa ba, ba zai tashi haka kawai ya fara tafiya ba, hannun mutum ne. Wa ke taɓa wayar? Mai-inji. Mudi ya ƙara gishiri, ya ce ya sha ganin maigidana yana gaisawa da masu raƙuma da ke saukowa daga arewa. Wa ba ya gaisawa da su? A wurinsu muke samun shayi. Amma aka sa wani gumiye, sojan raƙumi na nasara, ya ɗaure maigidana a inuwar tano, aka ce ranar da kamiyon ruwa ya zo, da shi zai koma, a kai shi gidan kaso a Agadas. A zamanin nan wanda aka kai kaso da sunan yana taimakon ƴan arewa, sai dai iyalinsa su yi masa sadaka.

Ruwa kuma aka fara auna mana shi da kofi, tunda ba mai iya kiran mota ta yi sauri. Zango ya lalace. Kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido. Masu cin tuwona suka fara shinshina kwano kafin su sa hannu. Wata magana ta zaga cewa zoben tagullar da ke yatsana daga bututun da ya ɓace aka ƙera shi, alhali zoben kakata ne, ya girmi radiyon da mai radiyon. Ni ma ban bar kowa ba. Na zargi Mudi, na zargi gumiye, na zargi kukun nasaru, har akuyar Lalla sai da na bi ta da kallo.

Wata safiya na je bukkar maƙera neman garwashi, nawa ya mutu. Agali yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, da ɗan abu tsakanin yatsunsa, yana goga masa magagari a hankali, garin tagulla yana zuba a kan fata. Na dubi abin da kyau. Bututun radiyo ne, irinsa sak. Da ya gan ni bai ɓoye ba, har ya ɗaga mini shi yana ƙyalli. Na ce a raina, ɓarawon da ya ƙware ke nan, ba ya ɓoyo.

Na tafi wurin maigidana da furarsa, na durƙusa kamar ina dama masa, na gaya masa. Sai ya ce ya sani. Wai tun kafin zafi bututun sun yi kore, Jan-gemu ya ce a goge su, shi kuwa yatsunsa kamar taɓarya, sai ya kai wa Agali, har da na ajiya da ke cikin gwangwani. Agali ya dawo da su suna walƙiya, sun fi sababbi kyau, wanda na gani shi ne ragowar. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce in ya faɗa, an ce ya fitar da kayan nasara ya ba Buzu, laifi ya zama biyu, kuma ya jawo mutumin da ya ciyar da shi watanni kafin in zo.

"Ki kama bakinki," in ji shi. "Gugar ƙarfe ba ta kashe radiyo."

"Yana cin tagullarsu, kai kana cin igiya," na ce. "Gari-gari yake tarawa ya yi wa matarsa mundaye. Ya ramar da su, shi ya sa suke zamewa."

Ya ce in na je, ba da yawunsa ba. Na ce yawunsa ya riƙe abinsa, ai ruwa ya yi wuya.

Na tafi kai tsaye tantin Jan-gemu. Mudi ya tare ni, ya ce mace ba ta shiga. Na ɗaga murya yadda nasara zai fito da kansa, ya kuwa fito. Na ce da Mudi ya juya maganata duka, in ya rage ko kalma ɗaya zan gane a fuskar ubangidansa. Aka aika gumiye ya zo da Agali, Lalla tana biye da shi, ma'aikata suka taru.

Agali bai iya ce wa mace ke ba, kowa kai ne a bakinsa. Ya gyara rawaninsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, Ta-Damagaram, ka sha ruwa a salkar matata, yau ka ce na yi sata?"

Na ce ni ban zo cacar baki ba. A kawo sabo wanda bai taɓa shiga hannunsa ba, a jera da wanda ya goge, kowa ya ga abin da ya ci. Jan-gemu ya shiga ya yi ta bincike, ya samo guda ɗaya da ya maƙale a kusurwar akwatinsa cikin takardar mai. Ya ɗora su biyu a tafin hannunsa. Na Agali sumul, yana ɗaukar ido. Sabon kuwa dusu-dusu, kuma a gefensa akwai wani ɗan harshe da ya ɗago, bakinsa yana kallon baya, kamar ƙayar ƙarangiya.

Na ce, ga shi nan, wannan ya yanke.

Agali ya ce a duba da kyau, bai yanke ba, kwantar da shi ya yi da ƴar masaba, ya bi bakin da magagari. Ya ce ƙayar ta yanke shi a yatsa ranar farko, ya yi mamakin maƙeran nasara da suke sakin aiki da kaifi a jiki. A gidansu, tun kakan kakansa, abu ba ya barin hannun maƙeri sai an shafa shi a kan mayafin mace bai kama zare ba. Wanda ya bar ƙaya a aiki, ƴarsa ba ta samun miji. Ya ce alheri ya yi wa nasara, bai ma nemi lada ba.

Mudi yana juyawa, na ga gemun Jan-gemu ya daina motsi. Ya ɗauko baƙin gidan, ya tura sabon bututu ta baya. Muka ji ƙas. Ya ja wutsiyar, ya ƙi fita. Ya tura shi ta gaba da tsinke, ya ƙi komawa. Ya sa na Agali, ya hura masa iska kawai, ya faɗo ƙasa.

Agali ya miƙa hannu aka ba shi. Ya kai gidan kusa da kunnensa, ya sa Jan-gemu ya zare sabon ya sake turawa, ya saurari ƙas ɗin. Sai ya juya ya kwance kwaɗon da ke bakin jakar fatar Lalla, irin kwaɗon Buzaye, ya zare cikinsa ya nuna. Ƙarfe ne mai kunnuwa kamar na kibiya, in ya shiga su kwanta, in ya wuce ƙofa su buɗe, ba fita sai mabuɗi ya matse su.

"Kwaɗo ne," in ji shi. "Me ya sa ba wanda ya ce mini kwaɗo ne? An kawo mini abu mai ƙyalli an ce in gyara, na ɗauka kayan ado ne."

Ni na ɗauka magana ta ƙare, a kwance mini miji. Ina. Jan-gemu ya ce bututu ɗaya ba ya tayar da radiyo. Ya gwada ɗaga harshen waɗanda aka kwantar da bakin wuƙa, kowanne ya karye, don magagari ya riga ya cinye ƙarfinsu. Ya ce shi ya gane ba mugunta ba ce, amma na Agadas sun ji shi shiru, za su zo da tambaya, kuma ba zai ce musu maƙeri ya yi wa radiyo kwalliya ba. In radiyo ta yi magana kafin mota ta iso, ya shafe zancen. In ba ta yi ba, mutum biyu za su hau, mai bayarwa da mai gugar.

Lalla ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

Agali ya ce a ba shi kwanson harsashi, gumiye ya kawo masa cikin hula. Ya ce a kwance Mai-inji, don shi ya iya liƙa waya da dalma. Da aka zo hura wuta, Lalla ce mai yi masa zuga kullum, sai ta naɗe hannu ta ce wadda ta kunna wutar ita za ta hura. Ku sani, ni jikar malamai ce, a danginmu ba wanda ya taɓa zama a maƙera. Na ɗaure zane, na zauna, na kama zugazugi. Ma'aikata suna wucewa suna ce mini sannu da aiki, maƙeriya. Na haddace fuskokinsu, kuma sun gani a tuwonsu daga baya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Na farko ya gasa tagullar ta yi laushi don ta naɗu, harshen ya kwanta da shigarsa, bai sake tashi ba. Na biyu ya buge ta da sanyi, ta yi tauri, ta tsage wurin naɗi. Sai ya raba: ya gasa, ya naɗe a jikin basilla, sannan ya bi harshen kaɗai da masaba da sanyi har ya riƙa dawowa in an danna. Aka sa, babu ƙas. Jan-gemu ya fasa wani tsohon gida da dutse, ya nuna masa wata ƴar kafaɗa a cikin ramin, ya ce bayanta harshen zai faɗa, na Agali ya yi tsawo, ya hau kanta. Suka durƙusa su biyu suna zane a rairayi, Mudi ya gaji da juyi ya koma inuwa, suka ci gaba da yatsa da girgiza kai. Nasara ya dage sai an tsaga bakin bututun don ya ciji haƙori, in ba haka ba wuta ba ta wucewa da kyau. Agali bai so ba, ya ce tsaga muni ce, amma ya yi. Shi kuma ya dage sai kunne biyu, ɗaya kowane gefe, ya ce kunne ɗaya yana sa abu ya karkace, girgiza ta samu wurin shiga. Nasara ya ce in an sa biyu, ranar da ake son cirewa fa? Agali ya ce wane mahaukaci ne ke ƙera kwaɗo ba mabuɗi, ya fere masa ɗan siririn ƙarfe mai baki biyu da ke matse kunnuwan.

Hannuwana suka kumbura, hayaƙi ya cinye mini ido. Duk lokacin da na sassauta, Agali ya ce, "Hura, Ta-Damagaram, iskar bakinka ta fi wannan." Ina kallon kudu, ina jiran ƙurar mota, kowace guguwa in ce ita ce.

Da aka gama, maigidana ya liƙa wayoyi, aka tura su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙas ɗinsa. Jan-gemu ya kama wayar ya rataya gidan, ya girgiza, ya buga a gwiwa. Ba bututun da ya motsa. Ya tura a bayan radiyo, aka tayar da inji. Ta yi shuu, ta yi ƙara, sai ga muryar wani nasara daga Agadas tana faɗa kamar an taka masa ƙafa. Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Mota ta iso kashegari da hantsi. Ta sauke ruwa, ta koma da tano wofi, ba kowa a bayanta.

Wasu sun ce in je in ba Agali haƙuri. Na ce na me? Da na kama bakina yadda aka umarce ni, da maigidana ya ruɓe a kaso, maƙeri yana nan yana goge ragowar. Na ce ya ci tagulla, bai ci ba, to, amma hannun da na nuna shi ne hannun. Tuwo dai na kai musu da man shanu, Lalla ta karɓa, ta tsaya tana kallona sai da na gutsura na ci a gabanta.

Da za mu tashi daga zangon, Agali ya kira ni ya ba ni ƴan kunne da ya ƙera da ragowar kwanson. Aiki mai kyau, amma a bayan kowanne ya bar ƴar ƙaya a tsaye. Ya ce tunda ya fara riƙe masaba bai taɓa sakin abu da ƙaya ba sai yau, kuma da gangan, don mai kama da abu ita ta dace da shi. Ga su nan a kunnena. Sun yage mini kallabi ba adadi, ƴaƴana sun sha cewa in kai a goge, na ce wanda ya taɓa su sai na ci mutuncinsa.

Mai-inji ya yi aiki har aka gina Arlit, a nan muka binne shi. Jan-gemu ya koma ƙasarsu bayan an ba mu mulki, ban sake jin labarinsa ba, da wuya in yana numfashi. Mudi ya rasu a Tawa, Allah ya yafe masa abin da ya rage a maganar mutane. Agali ma ya riga mu, shekarar babban fari da ya kashe dabbobi. A cikin mutanen zangon nan saura mu biyu, ni da Lalla. Tana Gugaram wurin jikokinta, idonta ya tafi. In an kai ni gaishe ta, ba ta amsa sallamata sai ta laluba kunnena, ƙayar ta soke ta a yatsa, sannan ta ce a shimfiɗa wa Ta-Damagaram tabarma.